Taku Ukun Barista

A layinmu akwai mutumin da bai taɓa taka makarantar lauyoyi ba, amma in ka kira shi da wani suna ba Barista ba sai ya yi kamar da bango kake magana. Asalin sunan wata bakwai ne da ya yi yana kai takardu a ofishin wani lauya, kafin a sallame shi saboda ya kai sammaci gidan mai ƙara maimakon gidan wanda ake ƙara. Ya fito daga aikin da tsohuwar baƙar jaka, da kwat wadda gwiwar hannunta ta ƙoƙe, da kuma wata kalma da ya tsinta a bakin maigidansa. Duk maganar da ya yi ta burge shi, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "A rubuta." Ko gardamar ƙwallo ake yi, ko ta yadda ake gyaran famfo, a rubuta. Babu wanda ya taɓa rubutawa, amma hakan bai rage masa ƙarfin gwiwa ba.

Ni ke da shagon buga takardu da kwafi a layin, bango ɗaya ya raba ni da shagon ɗinkin yayarsa, don haka abin da zan faɗa gani na yi. Ita yayar tasa, wadda duk layin muke kira Yaya, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita kaɗai take kiransa Auta har yau da furfura ta fito masa. Shagonta ɗan ƙarami ne, keken ɗinki daga ciki, teburin yanka daga gaba, sai wani benci a jikin katangar da ke fuskantar titi. Wannan bencin shi ne ofishin Barista. A kansa yake karyawa, a kansa yake yanke wa duniya hukunci har rana ta yi sanyi.

Wata safiyar Talata motar 'yan sanda ta shigo layin, ta tarar motar yashi ta toshe hanya. Direban 'yan sandan ya sa ribas da zafin rai, ya yi ciki da katangar Yaya. Allah ya kiyaye, ita tana can ƙurya tana guga, Barista kuma ya zagaya bayi. Katanga ta zube, ta karya wa teburin yanka ƙafa ɗaya, bencin ne kaɗai ya fita ko ƙwarzane babu. Direban ya sauko, ya fara duba fitilar motarsa kafin ya dubi katanga, ya ce a yi haƙuri, za a ji daga ofis.

Yaya ta zauna a kan ɓaraguzai tana hawaye. Ga kayan makaranta fari da shuɗi da aka ba ta ɗinki tuli guda, ga damina a bakin ƙofa, ga shago ya koma rumfa. Can sai ga Barista yana gyara wando. Da ya ga kangon, sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Share hawayenki, Yaya," in ji shi. "Shekara goma sha biyu ina jiran ƙarar da ta kai girmana. Sai sun gina miki bene a nan. A rubuta."

Washegari ya sa kwat ya nufi ofishin 'yan sanda. Sajan da ke kanta ya yi masa bayani a tsanake, cewa wannan ba maganar laifi ba ce, maganar ɓarna ce da gyara, kuma rundunar tana da lauyoyinta a hedikwata, hawa na uku, su ke kula da irin wannan. Barista ya ce shi ba ƙwallo ba ne da za a riƙa buga shi daga ofis zuwa ofis, ƙara ya kawo kuma sai an karɓa. Sajan ya tambaye shi ƙarar wa. Ya ce ƙararku. Sajan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to ya zauna har babba ya zo. Kujeru biyu ne a wurin, Barista ya zaɓi doguwar saboda ta fi kama da tasa ta gida, bai san ta waɗanda aka kamo ba ce. Da aka yi canjin aiki, sabon kurtu ya zo ya bi layi yana karɓar bel da waya, ya haɗa da nasa. Sai bayan la'asar ni da Yaya muka je muka fito da shi yana riƙe da ƙugun wando. Kafin magariba ya gama sanar da layin cewa ya tsare 'yan sanda a ofishinsu awa shida, ko abinci bai bar su sun fita ci ba.

A wannan makon Yaya ta shigo shagona a ɓoye, ta ce in rubuta mata takarda zuwa ga lauyoyin nan na hawa na uku. Layi huɗu na buga: ga ranar, ga motar, ga katangar, a taimaka a gyara. Muka haɗa da hotuna muka aika. Mako shida shiru, har mun fidda rai, sai ga amsa a farar ambulan. Rundunar ta yarda za ta mayar da katangar yadda take, ta gyara teburin, in dai Yaya ta sa hannu cikin kwana goma sha huɗu. A ƙasa an ƙara da cewa ana yin haka ne ba tare da amsa laifi ba.

Yaya tana neman biro Barista ya fizge takardar. Ya karanta layin ƙarshe sau uku, kowane karo da murya mafi ƙarfi, har maƙwabta suka taru. Ya ce tarko ne, ya ce raini ne, ya ce ta yaya za a rushe katanga a ce ba a amsa laifi ba, ko katangar ce ta yi ribas ta bugi mota. Na ce masa na yi kwafin irin wannan takarda ba adadi, lauyoyi suna sa wannan layin ne kamar yadda ake sa gaisuwa a kan wasiƙa, ba ya rage bulo ko ɗaya. Ya ce yin kwafin doka ba sanin doka ba ne, in ba haka ba da injina ya zama alƙali.

Mai faci na bakin layi, wanda ba ya iya ganin wauta ya wuce, ya ce, "To Barista, katanga ake nema ko laifi? In sun amsa laifin, a jikinsa za a kafa ƙofa?"

"Bakin da ya saba hura taya," in ji Barista, "kada ya taɓa maganar shari'a."

"Ai gara nawa, iskar da nake hurawa tana kai mutum gida."

Aka yi dariya, amma dariya ba ta taɓa tsayar da Barista ba. Ya juya wurin yayarsa ya sassauta murya. Ya ce tun yana yaro ita take yi masa komai, ta bar shi sau ɗaya a rayuwa shi ma ya yi mata wani abu. Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta ajiye biron a kan takardar rundunar, ta ɗauke shi ta sa hannu a kan wadda ya sa na buga, mai cewa shi ne wakilinta, duk abin da ya faɗa ita ta faɗa. Na ji tausayinta ranar, na kuma ji haushinta.

Amsar da ya shifta mini shafi goma sha ɗaya ce. Ya nemi rundunar ta amsa laifi a rubuce, ta gina bene, direban ya zo ya ba da haƙuri a gaban jama'ar layi, a yi wa shago sabon allo mai fitila, sannan a kawo sabon benci mai majingina saboda firgitar da tsohon ya yi. Na so in ƙi bugawa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk inda na gyara masa kalma sai ya sa na mayar, ya ce kuskuren da gangan ne, don ya rikita su.

Da kwana goma sha huɗu suka wuce ba amsa, sai ya ce lokacin gabatar da shaida ya yi. Tsohon maigidansa, in ji shi, ya sha faɗa cewa shari'a ba ta jin magana sai abin da ido ya gani. Ya ari baro, ya loda bulo tara daga cikin ɓaraguzai, ya rubuta wa kowanne lamba da alli. Yaya ta roƙe ni in bi shi, ko Allah zai sa in riƙe masa baki. A ƙofar hedikwata masu gadi suka sa ya sauke bulon suka leƙa ramin kowanne. Suka ce baro ba ya shiga. Haka ya riƙa ɗaukar su biyu-biyu zuwa hawa na uku, kwat ta jiƙe sharkaf. A sawu na ƙarshe shaida mai lamba shida ta suɓuce masa, ta gangara matakala tana ƙara, ta fasa tukunyar fure a hawa na biyu, ta tsaya a ƙafar wani mai anini uku a kafaɗa. Barista ya sara masa da hannun hagu.

Lauyar rundunar mace ce siririya mai tabarau, irin mutanen da ba sa ɗaga murya saboda ba sa bukata. Ta dubi tsibin bulon da ke ƙofar ofishinta, ta buɗe fayil ta nuna masa hotunan katangar da muka aika tun farko, ta ce waɗannan sun wadatar. Ta ce ta karanta shafi goma sha ɗayan nan duka, kuma babu bene a cikin abin da doka ta ba yayarsa. Wa'adi ya wuce da kwana biyu, amma za ta ƙara mako ɗaya saboda matar da ke ɗinki ba katanga.

"Malam," ta ce, "aikina in kare rundunar ne, ba in kare yayarka ba. Duk da haka ina gaya maka, ka karɓi wannan."

Barista ya ce shi ba ya sulhu a ɗaki. In suna da gaskiya su zo wurin da abin ya faru, a yi a gaban mutane. Ta duba kalandarta, ta ce ran Alhamis. Muna saukowa ya zungure ni ya ce ko na lura hannunta yana rawa. Na ce shayi take juyawa. Ya ce ai shi ne, tsoro ne ya sa ta neman shayi.

Ran Litinin ruwan farko ya sauka da iska. Tamfol ɗin da Yaya ta rataya a madadin katanga ya yage, ruwa ya shiga ya jiƙa kayan makaranta, shuɗin wanduna ya zuba a kan fararen riguna. Na same ta tana shanya su a igiya, ba ta ko kuka. Ta ce wa ƙaninta, "Auta, na gaji. Ka je ka sa hannu." Ya ce ta yi haƙuri zuwa Alhamis, wannan ruwan ma ƙarin shaida ne, Allah ne ya aiko shi.

Ran Alhamis ya tashi layin gaba ɗaya. Ya ari kujeru ya jera a gaban kangon, ya sa bencinsa a tsakiya, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake koya wa hukuma hankali. Mai faci ya rufe aikinsa, mai kemis ta bar 'yarta a shago, har masu wucewa suka tsaya. Lauyar ta iso da mutum biyu, akawu mai littafi da wani dattijo mai awo riƙe da tef da taswirar filin. Barista ya buɗe taro da jawabin rabin awa, wanda a ciki ya ce a rubuta sau goma sha huɗu. Akawun bai ko cire murfin bironsa ba.

Dattijon ya ja tef daga bangon baya zuwa tushen katangar da ta faɗi. Ya duba taswira, ya sake ja, ya sake dubawa. Ya matsa kusa da lauyar ya ce tushen ya wuce iyakar fili, ya shiga titi. Ni da nake kusa na ga ta ɗan lumshe ido, irin na wanda yake so ya rufe fayil ya tafi gida. Ta ce tsofaffin gine-gine ba sa rasa irin wannan, a sa kuskuren wani tsohon magini ne da ba a sani ba, a mayar da katanga kan tushenta, magana ta ƙare. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce lallai ko wane ne maginin bai san riƙe igiyar awo ba.

Da a ce zagin mahaifinsa aka yi, da Barista ya fi haƙuri. Ya miƙe daga kan benci.

"Wa ye bai san awo ba? Ni na gina katangar nan da hannuna, kuma babu kuskure a ciki. Da idona biyu na fito da ita taku uku cikin titi, don Yaya ta samu wurin tebur, ni in samu wurin zama. Ranar hutu na yi aikin, lokacin da masu tsara gari ba sa yawo. Shekara tara babu wanda ya gane, sai ka zo ka ce ban san awo ba?"

Mai faci ya fara wani tari da ba na mura ba. Yaya ta kama gefen kwat ɗinsa tana ja, shi kuwa ya ɗauka gyara masa take yi. Lauyar ta ɗora hannu a kan littafin akawu. Ta tambaye shi wannan hira ce yake yi da maƙwabtansa, ko magana ce ta wakili. Ya ce shi ba ya hira a bakin aiki. Ta ce ya yi tunani, hayaniya ta yi yawa, ita ba ta ji da kyau ba. Sai ya maimaita mata a hankali, har da takawa, ɗaya, biyu, uku, don kada a rage masa ko ɗaya.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Malam, kana so a rubuta?"

Shekara goma sha biyu yana ba da wannan umarni, ba a taɓa samun mahaluki ɗaya da ya tambaye shi ba. Na rantse na ga ƙwalla a idonsa. Ya ɗaga yatsa sama, ya dubi jama'ar layi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "A rubuta."

Akawun ya cire murfin biro. Ya rubuta, ya karanta masa, Barista ya gyara wuri ɗaya inda aka sa "kimanin taku uku", ya ce a cire kimanin. Sannan ya zuba sa hannu mai jela har ƙasan shafi. Lauyar ta rufe littafin, ta dubi Yaya ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Suna tafiya Barista ya juyo yana jiran tafi, ya tarar kowa yana naɗe kujerarsa.

Ofishin da ya ɗauki mako shida kafin ya amsa layi huɗu, wannan karon kwana ɗaya ya ishe shi. Takardar ta ce tunda wakilin mai shago ya tabbatar a rubuce cewa da gangan aka gina katangar a kan titi, rundunar ta janye tayinta. An aika kwafi ofishin tsara gari kamar yadda doka ta tanada. Rundunar kuma tana da damar neman gyaran fitilar motarta, da wata tukunyar fure. Kafin mako ya zagayo masu tsara gari sun zo sun shafa jan fenti a guntun katangar da ya rage, suka ce a janye shi baya. Makarantar ta karɓi kayanta da suka ɓaci, ta kai ɗinkin zango mai zuwa wani wuri. Mai faci bai yi dogon sharhi ba, ya ce dama baki shi ke yanka wuya, sai dai wannan bakin wuyan wani ya yanka.

Barista ya ce zai ɗaukaka ƙara. Na tambaye shi wace ƙarar, tunda ba a taɓa shigar da ita ba. Yana cikin yi mini bayani Yaya ta miƙa hannu ta ce ya ba ta takardar wakilcin ta gani. Ta shimfiɗa ta a kan teburinta mai ƙafa uku, ta ɗauki almakashin yadi ta yanka ta a tsanake, tsaye da kwance, ta zuba masa a aljihun kwat.

Bayan kwana biyu wata mota ta sauke mana bulo tara a bakin layi, kowanne da lambarsa, tare da 'yar takarda mai cewa ana mayar da shaida ga mai ita. Iyakar abin da aka samu daga rundunar ke nan, shi ma dama namu ne. Maƙwabta suka haɗa sauran bulo da siminti. Barista ya cire kwat ya kwaɓa ƙasa kwana huɗu, yayyafi yana dukansa, dattijon mai awo kuma ya zo da kansa ya riƙe igiya don kada a sake samun ƙwararre. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ban ji daɗin kallon ba, domin duk bulon da ya ɗora yana ƙara matse shagon matar da ba ta yi komai ba.

Da aka gama, aka shigar da keke, aka shigar da teburin yanka da ƙyar, a karkace. Wurin da ya rage bai fi na tsayuwar mutum ɗaya ba. Barista ya iso ƙofa da bencinsa a kafaɗa, ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Yaya, ina zan ajiye ofis?"

Ta tashi daga kan keke, ta fito waje, ta juya wa sabuwar katanga baya. Ta taka cikin titi tana ƙirgawa a fili yadda ya yi ran Alhamis, ɗaya, biyu, uku, ta nuna masa ƙasa da almakashi.

"Nan, Auta. Kai ka ce naka ne, kuma an rubuta."

Ta koma ciki ta ci gaba da ɗinkinta. Yana nan tsaye da benci a kafaɗa har wata mota ta danna masa oda.